Wasiƙa ga Edita: Giyar manoman Beljiyam da maganar burkutunmu

Malam Edita, barka da aiki, Allah ya ƙara basira.

Na karanta rahoton da kuka buga kwanakin baya kan matan da ke dafa burkutu, kuma tun ranar abin ke cina a rai shi ya sa na ce bari dai in rubuto ko za ku samu wuri ku saka. Tun farko bari in faɗi ko ni waye don kar a yi ta zagina a banza. Ni Bahaushe ne ɗan yankin Malumfashi, Kirista, kakata ta wajen uba burkutu take dafawa har ta tsufa, da shi aka biya kuɗin makarantar babana, yanzu kuma ina zaune a Beljiyam ina aiki a wani sito kusa da Charleroi. Na san mafi yawan masu karanta jaridarku Musulmi ne kuma na san matsayin giya a addininsu, ba na kiran kowa ya sha, ko a cocinmu ma fasto ba ya son jin zancen, to ka ga ba talla na zo yi ba.

Abu biyu ne suka tsaya min a rahoton. Na farko yadda wakilinku ya haɗa burkutu da ogogoro da barasar 'yan leda duk ya zuba a kwando ɗaya ya ce guba. Na biyu kuma wanda ya fi damuna, can ƙasa ya ce wai ai ko Turawa ma yanzu sun koma shan giya mai ƙarancin barasa wadda kusan ɗaya take da malt ɗin da muke sha a biki. Ranka ya daɗe wannan maganar ba haka take ba, kuma tana iya jefa wani bawan Allah cikin abin da ya yi rayuwarsa duka yana gudu.

Lardin da nake zaune sunansa Hainaut, yana ɓangaren masu jin Faransanci da ake kira Waloniya, kuma nan ne gidan wata giya da suke kira saison. Asalinta giyar gona ce. A da manomi yana dafa ta a gidansa lokacin sanyi, bayan an gama girbi ba aiki sosai, ya ajiye ta har zafi ya shigo, sai ya riƙa bai wa 'yan ƙodagon da suke zuwa aikin yankan alkama da sha'ir. Tunda mutum da lauje a hannu zai wuni yana aiki ba a so ta yi ƙarfi, abin da ake faɗa shi ne ba ta wuce kashi 3 zuwa 3.5 cikin ɗari na barasa ba. Masu haƙar ma'adinai na yankin su ma suna da tasu mai sauƙi da ake ce wa grisette. Daga baya da injin girbi ya zo 'yan ƙodago suka ragu sai giyar ta bar gona ta shiga kwalba ta shiga kasuwa, ƙarfinta ya haura, wadda ta fi suna a yau ta gidan Dupont ce da ke ƙauyen Tourpes, ita 6.5 ce, amma suna da wata mai 3.5 don masu son irin ta da. A 2016 hukumar UNESCO ta saka al'adar giyar Beljiyam cikin jerin al'adun gado na duniya, su nan abin alfahari ne.

Wanda duk ya taɓa zuwa gayya a ƙauyukanmu na da, ko a Filato ko kudancin Kaduna, ba sai na yi masa dogon bayani ba. Mai gona ya sa a dafa, 'yan aiki su yi huɗa, rana ta take a kawo tulu ƙarƙashin ɗorawa.

To wani abokin aikina ɗan nan ƙasar, dattijo ne saura kaɗan ya yi ritaya, shi ya ɗauke ni wata Asabar zuwa wata tsohuwar gona da aka mayar da rumbunta wurin dafa giya, mutum biyu ne kawai ke aikin, miji da mata. Suka kawo kwalba babba mai murfin toshiya da waya kamar ta shamfen, a jikin takardar an rubuta 3.5, an rubuta cewa ta kwana cikin gangar katakon oak. Da matar ta zuba a kofin gilashi sai na ga baƙa, to ba baƙa ƙirin ba, in ka ɗaga ta wajen taga sai ka ga ja-ja a gefe, kumfar sama kuma ruwan ƙasa ce mara yawa, nan da nan ta kwanta ta bar zobe siriri a bakin kofi. Ba su sa ta ta yi sanyi ƙarara ba, mijin ya ce in ta yi sanyi da yawa ƙamshin ɓuya yake, kuma gaskiyarsa ne don sai da ta ɗan jima a hannuna sannan ta fara buɗewa.

Ƙamshin da ya fara zuwa na gasasshen hatsi ne da ɗan ƙauri, bayansa akwai na tsohon katako mai laima, sannan wani abu da ni dai hancina ya ce min garke ne, warin dabba da busasshiyar ciyawa amma kaɗan ƙwarai. Na yi shiru ina jin nauyin faɗa, sai dattijon ya yi dariya ya ce faɗi mana, ai su ma haka suke cewa, bargon doki suke kiran wannan warin kuma kuɗi ake biya a same shi. Kurɓar farko tsami ne ya tarye ni, ba irin mai sa ka yamutsa fuska ba, kamar ruwan tsamiyar da aka jiƙa aka tsarma da ruwa sosai, can ƙasan harshe sai ɗacin gahawa da koko irin na cakulan, zaƙi kuwa babu shi sam, kuma ba ta da nauyi a baki duk da baƙinta, ruwa-ruwa ce tana wucewa da sauri. Bayan ka haɗiye sai ka ji bakinka ya bushe, dasashi ya ɗan kama, wannan aikin katakon ne. In ce maka ta burge ni a kurɓar farko ƙarya nake, sai wajen rabin kofi na gane abin da suke nema, abin sha ne na mai jin ƙishi wanda ya gaji, an yi shi ne don ka ci da burodi da cuku ka tashi ka koma aiki. Kuskure ɗaya da na ga tana da shi, a nawa ganin, katakon ya ɗan fi ƙarfin jikinta, giya mara nauyi ba ta da inda za ta ɓoye ɗacin itace, da sun rage mata zaman ganga da ta fi daɗi. Na faɗa wa mijin haka, ya ɗaga kafaɗa ya ce gangar ce ke yanke hukunci ba shi ba.

Ya zaga da mu ya nuna mana yadda ake yi, kuma nan ne jikina ya yi sanyi don tun daga matakin farko aikin kakata nake gani. Ana jiƙa sha'ir, a bar shi ya yi tsiro, a busar, a niƙa, a dama da ruwan zafi har sitacin ya koma sukari, a tace, a tafasa, a bari ya huce, a zuba yis. Mu da dawa muke yi su da sha'ir, mu a rana muke shanya tsiro su a tanda. Baƙin kuwa ba shi da alaƙa da ƙarfi ko kaɗan, mutane da yawa har a nan Turai suna ɗauka baƙar giya ta fi bugarwa, alhali launin daga wani ɗan kaso na tsiron da aka gasa ya yi duhu yake zuwa, ƙarfi kuma ya danganta ne da yawan sukarin da aka bai wa yis ya ci. Ka rage hatsi ka ƙara ruwa ka samu mai sauƙi, shikenan. Suna zuba wani fure mai ɗaci da suke kira hops wanda ke hana ta saurin lalacewa, mu ba mu da shi a namu.

Gangar ita ce babban bambanci. Tasu tsofaffin gangunan ruwan inabi ne da suka sayo daga Faransa, kuma katako yana numfashi, iska kaɗan-kaɗan tana ratsawa, sannan a cikin ƙofofin itacen akwai ƙananan halittu da ke zaune. Akwai masu kawo tsami, dangin waɗanda ke mayar da madara nono, akwai kuma wani yis na daji mai suna Brettanomyces wanda wani masani a kamfanin Carlsberg na Denmak ya bayyana shi a 1904, shi ne mai cinye ragowar sukarin da yis na gida ya bari, shi ya sa ba zaƙi, kuma shi ne mai kawo warin garken nan. Aikinsa a hankali yake, watanni yake ɗauka. In iska ta yi yawa kuma sai abin ya koma binega a zubar. Ba sabon abu ba ne a ƙasar, a garin Roeselare da ke ɓangaren Filandas gidan Rodenbach na nan tun 1821, suna da manya-manyan gangunan oak a tsaye kusan ɗari uku, wasu sun fi ɗaki tsawo, a ciki jar giyarsu mai tsami take kwana. Tsamin burkutu ma daga irin waɗannan halittun ne, kakata ba ta san sunansu ba amma ta san in ta bar ruwan ya kwana zai yi tsami, ta san tukunyar da ke ba ta daɗi da wadda ba ta ba ta, kuma ba ta yarda a wanke mata tsohuwar randarta da sabulu. Sai dai nata kwana biyu uku ne ya wuce shan mutum, nasu yana shekara a kwalba.

Yanzu in dawo kan maganar wakilinku. Na sha kofi ɗaya da ɗan ƙari, da muka fito na ji ta a jikina, kunnuwana sun yi ɗumi, dattijon ma sai da ya zauna ya sha gahawa ya jira kafin ya taɓa mota. Kashi 3.5 barasa ce, giyar kwalba ta gida Najeriya da aka sani wajen 5 take, to ka ga ba wani nisa ba ne, wanda ya sha kwalba biyu na wannan ya wuce wanda ya sha ɗaya na waccan. Malt kuwa irin su Maltina ba a barinsa ya yi tsami ya zama barasa, shi ya sa yake da zaƙi haka. Hanyarsu ɗaya daga farko amma sun rabu tun kafin a zo wurin yis.

Kuma ina so 'yan'uwanmu Musulmi da ke zuwa karatu ko aiki a nan su buɗe ido, musamman 'yan Nijar da ke zuwa Faransa da Brussels. A Beljiyam akwai abin da ake kira giyar tebur, bière de table, tana zuwa a babbar kwalba, akwai baƙa mai zaƙi-zaƙi wadda in ba ka sani ba wallahi za ka rantse malt ce, tana tsakanin kashi 1 da ɗoriya zuwa 3 da wani abu, kuma a da har a makarantun yara ana ajiye ta a teburin cin abinci, abin ya kai wajen shekarun 1970.  Sannan ko wadda aka rubuta ba barasa a jikinta sai ka duba lambar kashin barasa, a Beljiyam doka ta yarda a kira ta haka in ba ta wuce 0.5 ba, a Faransa kuwa har 1.2 ana kiranta sans alcool. Akwai wani aboki nawa ɗan Maraɗi da muke haɗuwa a Brussels, mutum ne mai riƙo da addini, ya gaya min farkon zuwansa ya kusa saka baƙar giyar teburin nan a kwandonsa sai wata mata 'yar Maroko da ke kan layi ta taɓa shi ta nuna masa lambar. Shi ya karanto min hadisin da ke cewa abin da mai yawansa ke bugarwa to kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Hukuncin 0.5 ko 0.0 wannan na malamai ne ni ba ni da bakin magana a ciki, amma 3.5 ko ni da nake sha na san tana bugarwa in aka yawaita. To in ɗalibi ya karanta a jaridar Hausa da ya yarda da ita cewa kusan ɗaya take da malt, ya sauka a Charleroi ya gani a kanti, wa za a ɗora wa alhaki?

Abin da ya cece shi lamba ce a jikin kwalba, kuma ita ce abin da na fi jin kishinsa a duk tafiyar. Mutum biyu a tsohon rumbu amma sun san ƙarfin abin da suke sayarwa har ɗigo, akwai wani ɗan gilashi dogo da suke jefawa cikin ruwan kafin a zuba yis da kuma bayan ya gama aiki, yana iyo yana nuna yawan sukari, bambancin biyun shi ke ba su lissafin barasa, kayan ba su kai kuɗin takalmi ba. Mai sha ya san iyakarsa, mai gudu ya san abin da zai guda, hukuma ta san harajin da za ta karɓa. Mu kuwa ƙwarya ce kawai, ta yau daban ta gobe daban, ta wannan gida daban ta wancan daban, kuma tunda sana'ar a ɓoye take a wurare da yawa ba mai tambaya me aka zuba a ciki. Ni na ga inda ake tsiyaya ogogoro a cikin burkutu don ya yi saurin kamawa masu saye su dawo, kuma na ji ana maganar masu jefa ƙwaya. Wannan ita ce gubar da ya kamata wakilinku ya bi. Burkutu dafawa ake a bari ya yi tsami, ogogoro kuwa turara shi ake a tatso barasar zalla, kuma a irinsa ne ake samun methanol mai makantarwa. Ku tuna abin da ya faru a Ode-Irele ta jihar Ondo a watan Afirilun 2015, mutane suka riƙa makancewa suna mutuwa cikin kwana guda, da farko aka ce fushin abin bauta ne sai bincike ya nuna methanol ne a cikin ogogoro, bayan 'yan makonni irinsa ya sake faruwa a jihar Ribas. In aka kira komai guba ba bambanci to mai sha ba zai san wanne ne zai kashe shi yau ba.

Ba ina wanke burkutu ba ne fa. Na ga gidajen da ya rusa a ƙauyenmu, na ga magidanci ya sayar da dawar da iyalinsa za su ci ya je ya shanye ta a ƙwarya, kuma tsaftar wasu wuraren ba ta da daɗin gani, ruwan rafi, ƙuda, ƙwarya ɗaya baki goma. Ita kanta kakata ba ta yarda jikokinta su kusanci tukunyar ba, bulala ce.

Wani abin da ya kamata a ce rahoton ya taɓo shi ne ita dawar. Tun 1988 da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir kamfanonin giya da na malt na Najeriya suka juya ga dawa da masara, to dawar da manomin Katsina da Kano da Kaduna ke nomawa wani kaso nata can take tafiya a tirela, ta dawo a kwalba da lamba da hatimin hukuma. Ilimin da matan ƙauye suka riƙe na tsirar da dawa shi ne dai injiniyoyi suka zo suna gyarawa a masana'anta. Ga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, ga sassan kimiyyar abinci a jami'o'inmu cike da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta a furojet.

Don haka roƙona Malam Edita guda biyu ne. Ku gyara waccan jimlar ta malt a fito na gaba, ko da layi biyu ne, saboda masu tafiya waje. Sannan in za ku sake aika wakili gidajen burkutu, a jihohin da doka ba ta hana ba, ku haɗa shi da wani daga jami'a ya ɗebo daga gida biyar ko shida a kai ɗakin gwaji, a buga mana nawa ne ƙarfin kowanne kuma wanne aka yi wa haɗi. Ya kuma zauna da matan ya tambaye su kwana nawa tsiro ke yi, mudu nawa ke ba da tulu, nawa suke samu bayan sun cire kuɗin itace, don a rahoton naku an ji ta bakin ɗan sanda an ji ta bakin likita an ji ta bakin malami amma matan hotonsu kawai aka saka, su ma ta baya.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Mai karatunku,
ɗan Malumfashi mazaunin Charleroi, Beljiyam